Zogalen Bayan Ofis

A kwalejin da na fara koyarwa a Dutse, ba a yi wa malami ƙarin girma sai ya nuna maƙalarsa da wata mujallar ilimi ta buga. Rubutun bai taɓa damunmu ba, jiran ne yake kashe mutum. Ka buga maƙala a tafireta, ka kai gidan waya, ka dawo ka zauna. Wata mujallar ta amsa kafin damina ta fita, wata kuma sai ka manta abin da ka rubuta. Ga doka a kai: ba a aika maƙala ɗaya wa mujallu biyu. In ka miƙa wa wannan, to ka ɗaure kanka, sai ta karɓa ko ta sake ka.

Babbanmu a sashen noma wani dogon mutum ne mutumin wajen Jahun, muna ce masa Dattijo. Shi ya fi mu shekaru, shi ya fi mu sanin aiki, amma ya daɗe a maƙale a mataki ɗaya saboda maƙala guda da ta rage masa. Ritaya kuwa tana matsowa, kuma a matakin da mutum ya ajiye aiki ake yanka masa fansho. Duk mun san wannan, ba dai ma faɗa a gabansa.

Shi ne ya kawo maganar zogale. Wata rana muna gardamar wace mujalla ce ta fi saurin amsa, kowa yana rantsuwa da tasa, babu mai tuna ranar da ya aika. Na ce mu riƙa duba kalanda. Dattijo ya ce ƙirga kwana hawan jini yake kawowa, kuma mu malaman noma ne, kunya ce mu auna abu da takardar bango. Ya ce duk wanda ya kai maƙala gidan waya, ya biyo ta bayan ofis ya shuka zogale, ya rataya masa marfin gwangwani mai sunan mujallar. Ranar da amsa ta zo, sai a duba inda zogalen ya kai.

Mun ɗauka wasa ne, sai ga shi washegari da fartanya.

Ma'aunin kuwa shi kansa ne. In masinja ya kawo ambulan, ba a buɗewa sai mun fita bayan ofis gaba ɗaya, Dattijo ya tsaya jikin zogalen ya miƙe kamar soja, mu kuma mu ja da baya muna kanne ido. Da haka mujallun ƙasar nan suka sami daraja a wurinmu: akwai mujallar gwiwa, wadda ba mu taɓa gani ba sai a baki, akwai ta ƙugu, ta kafaɗa, ta hula. Wadda zogalenta ya wuce rufin ofis muna ce mata mujallar kwano, kuma in mutum ya ce zai aika mata sai mu yi masa ta'aziyya. An taɓa yin rigima a kan ko da hula ake auna ko ba hula, domin ranar Juma'a Dattijo yana sa doguwa. Ni na tsaya a kan a cire, har yau kuma ina ganin ni ke da gaskiya.

Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a, wani ya kai ƙararmu wajen malamin sashen addini cewa muna duba da itace. Malamin ya zo, ya zagaya lambun, ya saurari bayani, ya ce wannan awo ne, babu duba a ciki. Kafin ya tafi ya tambaya ko akwai sauran iri, don shi ma yana da maƙala a hanya.

Sai Dattijo ya gama tasa. A kan rumbu ya yi ta: yadda manoman Jahun da Kiyawa suke ajiye gero ya shekara ba tare da ƙwari sun ci ba. Ya sha yawo a kan babur kafin ya haɗa ta, ya leƙa rumbuna har kansa ya taɓa maƙalewa a wani. Na karanta ta, kuma ban taɓa karanta abu mai kyau irinta daga hannun ɗayanmu ba. Kwamitin ƙarin girma na ƙarshe da zai same shi a bakin aiki zai zauna bayan damina biyu. Takardar karɓa kawai yake buƙata, ko ba a kai ga bugawa ba.

Muka fita lambu zaɓen mujalla kamar masu zaɓen rago. A can ƙarshen layi, kusa da inda darni ya ɗan kwanta, akwai wani gajeren zogale na wata mujalla ta wata jami'a a kudu. Wanda ya shuka shi ya bar koyarwa ya shiga siyasar ƙaramar hukuma, amsarsa ta zo ba ya nan, muka auna a madadinsa: ƙugu. Babu mujallar da ta taɓa yin wannan bajinta. A ɗaya gefen kuma ga wani zogale ya tashi sama kamar yana neman fita daga kwalejin, na wata mujalla ta nan arewa. Ba mu ko tsaya shawara ba. Dattijo ya aika wa ta ƙugu, ya dawo ya shuka nasa a tsakiyar lambu, yana murmushi.

Nasa ya wuce gwiwa, muka ce da sauran lokaci. Ya wuce ƙugu, muka ce gidan waya ne. Ya kai kafaɗa, muka ɗora wa yajin aiki laifi. Ranar da ya wuce hula, Dattijo ya daina biyowa ta bayan ofis, ya koma zagayawa ta gaba.

Wata Asabar na shigo ɗaukar takardun jarrabawa, kwaleji shiru, sai na ji motsi a lambu. Na leƙa. Wata jar akuya ce ta shigo ta inda darnin ya kwanta, ta ɗora ƙafafun gaba a kan gajeren zogalen nan, tana cin kansa cikin natsuwa irin ta wanda ya saba da wurin. Na matsa na duba gindinsa. Kaurinsa ya kai cinyata. Itacen nan ya girmi duk na lambun, akuya ce take yi masa aski duk mako. Na juya wajen dogon nan da muka yi wa dariya, na ga a bakin magudanar da muke alwala yake, yana shan ruwa dare da rana. Malaman noma cike da ofis, babu wanda ya taɓa sunkuyawa ya dubi gindin itace.

Na kuma gane akuyar. Ta Dattijo ce, daga gidajen malamai take tsallakowa.

Na rasa yadda zan faɗa masa, don haka na ja shi lambun na nuna masa gindin. Ya daɗe yana kallo, ya tambayi akuyar wa. Da na faɗa, sai ya zauna a kan bulo ya yi ta dariya har da hawaye, ni kuwa na gane cewa mujallar da ta fi kowacce jinkiri muka zaɓa masa.

Muka taru a kansa. Mafita a bayyane take: ya sake buga maƙalar ya aika wa mujallar bakin magudana, wadda yanzu muka gane ita ce mai sauri, ya yi shiru da bakinsa. Wa zai sani? Masu mujallar farko ko buɗe ambulan ɗin ba su yi ba. Ni na fi kowa matsa masa, har na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗana, na sa hannu cewa ban ba wa kowa ba sai su. Ba zan sayar da gona ɗaya wa mutum biyu ba."

Na ce, "Baba, fanshonka fa."

Ya ce ya sani.

Abin da ya yarda ya yi shi ne ya rubuta musu su sake shi. Wannan takardar ma sai da muka shuka mata zogale. Da wani taro ya kai ni garin da jami'ar take, na nemi ofishin mujallar na tarar da shi a kulle. Wata sakatariya ta ce min editan ya tafi hutun shekara, kuma da makullin kabad ɗin ya tafi. Ta ce in dawo.

Kwamiti ya zauna, ya tashi. Dattijo ya ajiye aiki a matakin da muka same shi. Ranar da zai tafi ya sari reshe ɗaya daga zogalensa, ya ɗaure a saman kaya, akuyar tana bayan mota tana ƙoƙarin kai masa baki. Na yi fushi da shi a ranar, na yi fushi da mujallar, da akuyar, da kaina, kuma na yi baƙin cikin da ban iya ɓoyewa ba.

Sai da wayar salula ta cika gari sannan ambulan ɗin mujallar ya iso kwaleji. Na hau mota zuwa Jahun, na ƙarasa ƙauyensu a kan babur. Na same shi a ƙofar gida, ya rame, ya ɗan ranƙwafa, yana gyaran jinkar rumbu. Reshen nan ya zama itace, an sassare shi an dasa har ya zagaye gidan. Na miƙa masa ambulan, ya ƙi karɓa, ya ce ai ba a auna ba. Ya je ya tsaya jikin uwar zogalen, ya cire hula, ya yi ƙoƙarin miƙewa. Na ja da baya na kanne ido kamar da. Na ce masa wannan ta wuce kwano, ba mu da suna a kanta.

Sannan ya ce in karanta masa, don idonsa ya yi rauni. Sun karɓi maƙalar. Sun yaba mata ƙwarai. Akwai ɗan gyara a shafi biyu, kuma suna roƙon ya mayar musu cikin mako biyu, domin mujallar ba ta son jinkiri.

Ya sa na maimaita layin ƙarshe. Ya shiga gida, na ji yana buɗe-buɗen kwanuka, ya fito da ɗan ƙullin irin zogale a tsumma. Ya zuba a cikin ambulan ɗin nasu, ya lashi bakin ambulan ɗin ya manne, ya miƙo min.

Ya ce, "Aika musu. Ka ce su shuka."