Direban da ya tsayar da kayan Kawu

Kwana uku ina ofishin Kawu Sale a unguwar Liuhua, can ƙasar Sin, ina gwada na'urorin wayifai da ya saro zai kai Kano. Da na soka ɗaya a kwamfuta na fara tura manyan fayiloli, sai allo ya sandare, komai ya mutu. Ga kwantena tana jira a tashar jirgin ruwa ta Huangpu.

Jiya da hantsi na gano matsalar. Na ce, "Kawu, kayan lafiyarsu ƙalau. Direba ne ke kashe kwamfutar."

Can sai na jiyo hayaniya a ƙasa. Kawu ya tare dattijon Basinen da ke ɗaukar mana kaya a motarsa.

"Ashe kai ne? Shekara shida muna gaisawa!"

Bawan Allah sai "meiyou, meiyou" yake, wato babu.

Da ƙyar na fahimtar da Kawu cewa direban nan manhaja ce a cikin kwamfuta, kuma na gyara ta. Ya ba dattijon haƙuri har da lemo, sannan ya juyo kaina.

"To shi na cikin kwamfutar, wa ya ɗauke shi aiki?"

Jama'a, me zan ce masa?