Jikan Iya Mai Girki a Tanti

Shekara goma sha bakwai ke nan Iya tana dafa wa ma'aikatan hanya abinci. Duk inda kwalta ta nufa, nan take bi da tukwanenta uku, ta kafa tanti, ta haɗa murhu. Tun tana ɗaga babbar tukunya ita kaɗai, har ta kai sai ta dafa gwiwa kafin ta miƙe. Ma'aikata sun zo sun tafi, ita tana nan.

A bana ne aka kwantar da 'yarta a asibiti, aka kawo mata jikanta ɗan wata biyar, da gwangwanin madara da zannuwa biyu. Ango take ce masa. Angon nan kuwa bai ba ta ko kwana ɗaya na amarci ba. Da zarar an shiga tanti da dare sai ya buɗe maƙogwaro. Ta goya, ta sauke, ta yi jijjiga, ta shafa masa mai, duk a banza.

Ma'aikatan suka tausaya mata. Suka riƙa kashe janareta tun da wuri, suka daina kunna rediyo, ƙatti majiya ƙarfi suna tafiya a kan yatsun ƙafa. Kukan ya ƙaru.

A rana ta huɗu direban gireda ya yi gyangyaɗi a kan sitiyari, saura kaɗan ya zuba cikin kwalbati. Shugaban aiki ya same ta tana wanke shinkafa, ya daɗe yana kame-kame, sannan ya ce ba ya son ranta ya ɓaci, amma idan mutanensa ba su samu barci ba kafin Asabar, dole ta koma gida ya nemo wata. Iya ta ce ta ji. Ba ta da wani aikin da za ta koma.

Washegari da la'asar surukinta ya zo duba yaro. Mai injin niƙa ne, har girarsa gari. Ya durƙusa a bakin tanti ya gaishe ta, kansa a ƙasa. Tana ba shi labari ya ɗago, ya saurari wurin, ya ji tsit.

"Iya, ai shirun nan ne ya dame shi. Bango ɗaya ne tsakanin gadonsa da injina. A gida ma, in na kashe inji sai ya farka."

"Kana nufin duk lallaɓawar da bayin Allahn nan suke yi, zuga shi suke yi?"

Ya yi murmushi.

Kafin magariba aka tuge tantinta aka kafa shi taku biyar daga janareta, wurin da ta yi shekaru tana gudu saboda ciwon kai. Aka tayar da inji. Ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin tabarma. Ango ya yi hamma biyu, hannunsa ya saki bakin zaninta.

Asabar ta zo ta wuce, shugaban aiki bai sake tayar da maganar ba. Ma'aikata suna fitowa da safe fuska a sake. Ita kuwa Iya, da auduga a kunne take kwana, idonta biyu, kanta yana sarawa. Bayan abincin rana takan jingina da buhun albasa ta ɗan runtsa, har sai wani ya zo neman ƙari.