Malama Mahbuba da Ma'aunanta Biyu

A unguwar Yalwawa ta garin Dutse, in ka tambayi gidan Malama Mahbuba ba kowa zai gane ba, sai ka ce Malama mai awo. Wasu sun san ta da doguwar eriyar da take ɗaurawa a kan mota, wasu kuma da sikelin auna yara. An daɗe wasu na zaton mata biyu ne.

'Yar Aujara ce. Mahaifinta Modibbo Bafulatani ne da ya zauna wuri ɗaya, ya haɗa noma da 'yan shanunsa, kuma yana da wata rediyo mai rigar fata da ba ya rabuwa da ita. Tun tana firamare ita ke kai masa fura gona, a nan ta lura in ya zauna gindin tsamiya rediyon sai ta yi ta shuu, in ya matsa kan tudu sai murya ta fito tar. Ta tambaye shi dalili, ya ce iska ce.

"To Baffa, ai iskar nan da ta can duk ɗaya ce."

Ya yi dariya ya ce ta je ta tambayi 'yan boko. Da ta gama sakandare ta ce fiziks za ta karanta, bai san ko mene ne ba, amma bai hana ba.

Bayan ta gama digiri a Kano ta auri Tasi'u, malamin gona, suka zauna a Dutse. Ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta, inda ta yi shekara shida tana shirya wa ɗalibai kayan gwaji, tana gyara wayoyin da suka ƙona. Da ta shiga digiri na biyu, sai ta zaɓi ta auna ƙarfin muryar wata tashar rediyo, ta ga yadda duwatsun Dutse ke tare ta.

Aikin na ƙafa ne da haƙuri. Duk Asabar Tasi'u ya tuƙa ta a tsohuwar motarsa, su bi hanyar Kiyawa ko ta Jahun. Kowace kilomita ɗaya su tsaya, ta fito da na'urarta mai girman kwalin sukari, ta ɗaga eriya, ta faɗa wa Tasi'u lamba ya rubuta, su wuce. Ta yi da rani, ta maimaita da damina. A ƙauyuka ana ɗaukarta ma'aikaciyar kamfanin waya, a taru ana yi mata ƙorafin sabis. Wata tsohuwa har ta fito mata da rediyonta da ta mutu, ta ce tunda ta zo ta duba mata. Mahbuba ta buɗe, ta kankare tsatsar wurin batir da mukullin mota, rediyo ta tashi, aka ba ta kwaryar gyaɗa.

Ƙarshe ta zana taswira mai nuna jerin ƙauyuka a bayan duwatsu inda muryar tashar ke faɗuwa, ta kira wurin inuwa. Aka buga maƙalar a wata mujalla ta masana. Ta saya wa Tasi'u tsire, ta ajiye kwafi ɗaya a durowa, daga nan shiru, ba wanda ya sake yi mata maganar.

A lokacin 'yarta ta fari, Zara, tana shekara takwas. Yarinya ce mai jiki, kumatu cike, duk inda aka je da ita sai an yaba, a ce lallai ana ji da ita. Wata ranar Talata da la'asar maƙwabciyarsu Ya Fanna ta shigo aron turmi. Nas ce a asibiti, 'yar Haɗeja, ta girmi Mahbuba da kusan shekara goma. Ta tarar da ita ta kama wuyan Zara tana dirza da soso.

"Me ta yi miki haka, Maman Zara?"

"Dauɗa ce, Yaya, ta ƙi fita. Kullum sai na cuɗa."

Ya Fanna ta jawo yarinyar bakin ƙofa, ta duba baƙin da ya zagaye wuyan, ta ɗaga hannunta ta duba hammata. Sai ta tura ta ɗauko turmin, ta rage murya.

"Ki daina wahalar da ita, wannan ba dauɗa ba ce. Ƙiba ke kawo shi wani lokaci. Ki kawo min ita a gwada sukarinta."

Maganar ta soki Mahbuba. "Haba Yaya! A garin da ake kwantar da yara saboda tamowa, ki ce min ƙiba cuta ce?"

"Ni da nake can ina ganin duka biyun. Ki dai kawo ta."

Kwana huɗu Mahbuba ba ta leƙa gidan Ya Fanna ba. A na biyar ta kai yarinyar. Likita ya ce ba ta kamu da ciwon suga ba, amma ta kama hanya. A kan hanyarsu ta dawowa Zara ta nuna shagon da suka saba tsayawa sayen lemon kwalba da biskit, Mahbuba ta ja hannunta suka wuce, zuciyarta na tuna mata cewa ita da kanta ta koya mata tsayawa a nan.

Da yamma ta shiga wurin Ya Fanna ta ba ta haƙuri, sannan ta yi tambayar da ta saba yi wa kowane abu: yara nawa ne haka a Dutse? Ya Fanna ta ce ba ta san wanda ya taɓa ƙirgawa ba.

"To mu auna mana. Ke kin san jiki, ni na san awo."

Neman izini kaɗai ya ci wata biyar: na hukuma, na shugabannin makarantu, da takardar da kowane uba zai sa wa hannu. Suka samu makarantu tara, na gwamnati da na kuɗi. Mahbuba ta riƙa zuwa da dutsen awo mai kilo biyar daga ɗakin gwaje-gwaje, kowace safiya sai ta ɗora shi ta tabbatar sikelin bai yi ƙarya ba.

Ranar farko, a wata makaranta a Limawa, ta yi kuskuren da har yau take jin kunyarsa. Wata yarinya Shamsiyya ta hau sikeli, Mahbuba ta ɗaga murya ta faɗa wa Ya Fanna lambar, kamar yadda take yi wa Tasi'u a bakin titi. Aji ya kwashe da dariya, wani ya ce buhun masara. Yarinyar ta sauka ta rufe fuska da hijabi, ta ƙi komawa wurin zamanta. Mahbuba ta bi ta waje ta durƙusa ta ba ta haƙuri. Washegari ta zo da labulen ɗakinta ta kewaye kusurwa ɗaya, kuma daga ranar a takarda take rubuta lamba ta miƙa, ba ta sake furtawa ba.

Sun auna yara sama da ɗari takwas. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne a aji ɗaya, wani lokaci a benci ɗaya, sai ka samu yaron da ya rame da wanda ƙiba ta yi wa yawa. Suka rubuta maƙala, aka dawo musu da ita gyara sau biyu, a na uku aka buga.

Da lokacin ƙarin girma ya zo, shugaban sashensu Dakta Saifuddeen ya jujjuya takardunta ya cire tabarau. "Malama, wai ke a ina kike ne? Yau rediyo, gobe teɓar yara." Ya ce shi ya yaba aikin, amma kwamiti ba zai lissafa na yaran ba tunda ba fanninta ba ne. Haka aka yi, ta jira wata shekarar. Ta yi kwana biyu ranta ba daɗi, sannan ta koma gyaran wayoyinta.

Sai bayan shekara uku wani abokin aikinta, Faisal, ya kira ta ofis ya nuna mata shafin intanet da ke ƙirga masanan da suka kafa hujja da aikin mutum. Maƙalar yara ta haura arba'in, har daga Ghana da Sudan da Pakistan. Ta rediyo kuwa shida. Ta daɗe tana duba sunayen mutanen da ba ta taɓa gani ba, tana gwada furta su. A cikin shekarar kuma wani injiniya ya buga mata waya, ya ce da taswirarta suka zaɓi dutsen da suka kafa ƙaramar eriya don ƙauyukan inuwa. Shi bai rubuta komai ba, don haka shafin bai ƙirga shi ba.

A gida ne aikin ya fi wuya. Zara ta yi fushi da aka mayar da lemo na ranar Juma'a kawai, aka kuma ce Islamiyya da ƙafa za ta riƙa zuwa. Hajiya, mahaifiyar Tasi'u, duk zuwanta sai ta ce an ramar mata da jika, ta ɓoye mata cincin a jaka. Mahbuba ba ta iya yi wa suruka musu, sai Tasi'u ya ɗauki Hajiya ya kai ta ta ji daga bakin likita. Yanzu Zara tana aji uku na sakandare. Har yanzu mai jiki ce, haka ƙirarta take, amma wuyanta ya washe kuma sukarinta lafiya lau.

Bara Mahbuba ta shiga digiri na uku, dole ta zaɓi ɗaya. Ta bar wa Ya Fanna aikin yara, ita ke zagaya makarantu yanzu tare da ɗaliban aikin jinya. Ita kuma Mahbuba ta koma kan rediyo, tana auna yadda murya ke tafiya a kan ruwan fadamar Haɗeja. A gidan su Ya Fanna take sauka, kuma yayan Ya Fanna, Aji, masunci, shi ke shiga da ita cikin kwale-kwale. Ba ta iya ruwa ba, tana tsoronsa ƙwarai. Takan naɗe na'urar a leda biyu ta rungume, ta yi ta addu'a har su yi nisa da gaɓa. In sun kai inda take so, sai ta ce, "Baba Aji, tsaya nan." Ya kafa gora ya riƙe jirgin, ta ɗaga eriya ta rubuta lambarta, su ƙara gaba.