Ƙafar Tankin Kawu

Littattafan soyayyar da na taso ina ara a kasuwar Zuru sun koya mini cewa abu mai sheƙi shi ne abu mai kyau. Sai Allah ya haɗa ni da mai walda, mutumin da kullum rigarsa cike take da ramukan tartsatsi. Ina son sa, amma shekara biyu da aurenmu ban taɓa tambayarsa yadda yake aikinsa ba.

A shekara ta uku kawuna, tsohon soja, ya haƙa burtsatse a gidansa. Ya sayo fayif-fayif masu ruwan tutiya, farare tas kamar azurfa, ya kira maigidana ya haɗa masa ƙafar da za a ɗora tankin ruwa. Wurin da ya zaɓa jikin madafa ne, inda matarsa, wadda muke kira Inna, take wuni tana girki.

Na je ranar da aka fara. Maigida ya ɗauko injin gurza ya soma kankare bakin fayif ɗin, kamar faɗin yatsu huɗu, har baƙin ƙarfen ciki ya fito. Kawu ya taso daga kujerarsa ya ce a kashe injin. Wai don hasken nan ya sayi ƙarfen, shi ke hana tsatsa, ba zai zuba ido a ɓata masa kaya ba. Maigida ya durƙusa ya yi bayani a hankali cewa walda ba ta kama tutiya da kyau, sai an kankare an goge, in an gama a shafe wurin da fenti. Kawu ya ce shi ya yi shekara talatin yana hawa gadojin ƙarfe a barikoki, ba wanda zai koya masa ƙarfe.

Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne ni ma na sa baki. Na ce ai gaskiya hasken ya fi kyau.

A wurinmu suruki ba ya musu da kawun matarsa. Maigida ya ce to, Baba, ya ajiye injin. Ya yi waldar a kan tutiyar, farin hayaƙi na tashi yana shiga masa ƙarƙashin gilashin da ya rufe fuska da shi, wutar na tofi kamar an zuba ruwa a mai. Kafin magariba zazzaɓi ya rufe shi, yana rawar sanyi, yana cewa bakinsa ɗanɗanon ƙarfe yake. Abokan sana'arsa suka aiko da nono, wai shi ne maganin hayaƙin. Kawu ya aiko a ce masa sauro ne.

Kwana biyu ya warware, amma ba ya cin abinci. Da na matsa masa, ya kai ni gidan Kawu ya nuna mini mahaɗar ƙarafan. Ɗinkin waldar cike yake da ƙananan huji kamar burodi. Ya ce yanzu ƙafar tana tsaye don babu kaya a kanta, amma in an cika tanki, ga iskar farkon damina, shi ba zai rantse ba. Inna tana ƙarƙashi tana tuƙa tuwo, tana yi mana sannu. Jibi za a ɗora tankin.

Na tambaye shi ko zai faɗa wa Kawu. Ya ce da wane baki.

Ni na shiga. Ban taɓa tsayawa a gaban Kawu ina magana ba tare da na durƙusa ba sai ranar.

"Kawu, ka sa shi ya yi aikin da ya san ba shi da kyau, ya yi maka shiru don kunya. In tankin nan ya faɗo, a kan Inna zai faɗo."

"Ke 'yar nan, mijinki ne ya aiko ki?"

"Da zai iya aiko ni, da ya faɗa maka da kansa."

Ya ce in fita. Inna ce ta kwashe tukwanenta ta mayar ƙofar zaure, ta ce a nan za ta riƙa girki, kowa ya gani, har sai an gyara. Wuni ɗaya Kawu ya jure tambayar maƙwabta, sai ya aika a kira maigida ya gyara.

Maigida ya yanke kowace mahaɗa, ya kankare, ya sake waldar a fili inda iska ke kaɗawa, ya bi ta da fenti mai ruwan toka. Tankin yana nan sama har yau, Inna ta koma madafarta. Kawu kuwa wata uku bai amsa gaisuwata ba, kuma duk baƙon da ya yaba aikin sai ya ce masa shi ya tsaya a kan yaron sai da ya kankare ƙarfen.