Ranar da Iya Ta Zare Wayar Talabijin

Ni mutum ne mai son fim, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ba na soyayya ba, ba na rawa da waƙa ba. Ni a ba ni jirgin da ke ratsa taurari, ko garin da aka gina a kan wata, ko matsafin da ke buɗe ƙofa a jikin dutse. Ina da abokai huɗu a Kano masu irin wannan ciwon. Duk Asabar sai mun haɗu mu yi kallo, mu yi musu kamar za mu daki juna, wani lokaci kuma mu cika motar ɗayanmu da tsire da lemo mu fita bayan gari. Amma akwai fim ɗaya da ban taɓa ganin ƙarshensa ba, kuma duk ranar da na tuna dalili sai na wuni raina a ɓace.

Garinmu yana ƙasar Bebeji, dab da madatsar Tiga. Ba nan ne asalinmu ba. Asalin yana ƙarƙashin ruwa, shi manya ke kira Tsohon Gari. Lokacin da aka tashe su Babanmu bai wuce shekara biyar ba, mahaifinsa kuma ya rasu kafin nan, a can aka binne shi. Mahaifiyarsa, Iya Tabawa, ita ta goyo ƙanwarsa ta riƙo hannunsa suka hau mota. 'Yar manoma ce, matar manomi, ruwa ya mayar da ita mai bandar kifi. Duk da haka ba ta taɓa sa kifin Tiga a bakinta ba. Ta ce ba za ta ci abin da ke kwana a ɗakinta ba.

Bayan sallar isha'i take hura wutar banda a cikin rabin duro, ta jera karfasa da tarwaɗa a kan raga, mu jikoki mu kewaye ta hayaƙi na cin idanunmu. Ni take kira Maigida, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, yau ma ba cefane? Wannan aure naka wahala ce zalla. Matso ka juya min kifin nan ko ka yi amfani."

Sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne, ta zo ta zauna." Tana da tatsuniyoyi masu daɗi, na kura, na aljanu, na yarinyar da ta auri maciji. Amma akwai guda ɗaya da duk muka tsana, ita ce kuma ba ta yin mako ba ta yi ba.

Wai wani baƙo ne ya zo gari da jiƙaƙƙiyar riga, ya zauna a bakin rijiya ya ce hutawa kawai zai yi. Wata yarinya mai suna Ladi ta zo ɗiban ruwa, ta leƙa ƙarƙashin rigarsa, ta ga ba ƙafafu, ruwa ne kawai yake tsatsowa. Ta yar da guga ta zura da gudu. Daga rijiya ta yi gabas, gidan Ilu maƙeri. Ta yi sallama ta ce, ku tashi, baƙon nan ruwa ne. Ilu ya ce bari ya gama laujen da ke wuta. Ta wuce gidan Malam Barau, ya ce bari ya kai aya. Ta wuce gidan Asabe mai daddawa, ta ce bari ta sauke tukunya. Haka Ladi ta yi ta bi gida gida, har gida goma sha bakwai, kowa da uzurinsa. Nasu gidan ne na ƙarshe, maƙabarta na bayansa. Tana isa zaure, ruwa ya iso idon sawunta.

Shi ke nan. Ba waƙa, ba abin dariya, ba ƙarshe. Idan muka ce, Iya, sai me ya faru, sai ta ce, "Nan ta tsaya." Abin da ya fi ba mu haushi, ba ta yarda mu saurara kawai. Sai kowa ya maimaita gidajen a jere, da inda aka yi dama da inda aka yi hagu. Ka kuskure ɗaya, a koma rijiya.

"Ba haka ba, Maigida. Bayan marina hagu ake yi. Kai da bakinka za ka jefa mutane a rami. Koma."

Ina ɗan shekara goma sha biyu Kawu Habu, ƙanen Ummarmu, mai gyaran rediyo a Kano, ya fara zuwa duk Asabar da talabijin da na'urar faifai da ƙaramin janareta a ɗaure a bayan babur. A tsakar gida yake kafa su. Ranar farko da na ga jirgi yana shawagi a tsakanin taurari, mutane na yawo a cikinsa ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa, ban iya cin tuwo ba. Kawu na fassara mana, rabi abin da suka faɗa, rabi abin da ya ga dama. Daga nan na haukace. Sauran kwanaki shida na mako ba rayuwa nake yi ba, jiran Asabar nake. Ko na zauna a gaban wutar Iya, hankalina yana wata duniya. Na haddace sunan kowane jirgi da kowane matuƙi, amma idan ta ce in jero gidajen Ladi sai in yi ta hamma. Har na taɓa ce mata, Iya, taki fa ba hoto. Ta ce, "Hoton yana nan, idonka ne bai kai ba."

Ranar Asabar ita kaɗai take zama a bakin banda. Wata Asabar sai ga ta ta taso, ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a bayanmu. Ta ce ta zo ta ga abin da ya ƙwace mata miji.

An yi rashin sa'a. Fim ɗin ranar na duniyar da teku ke cinyewa ne. An gina wani ƙaton jirgi da zai kwashi mutane zuwa wata duniyar, suna shiga a layi, kowa da 'yar jakarsa. Kawu yana bayani, Iya tana kallo. Da jirgin ya ɗaga, ruwa ya rufe gari a ƙasa, sai mutanen ciki suka hau tafi suna rungume juna.

"Habu, me suke wa murna?"

"Sun tsira ne, Iya."

"Matattunsu fa? An sa su a jirgin?"

"Iya, fim ne."

"Na ji fim ne. Tambayarka nake. Wanda ya shirya shi an taɓa tashinsa daga gidan ubansa?"

Kawu ya yi dariya, mu ma muka taya shi. Iya ta miƙe, ta bi waya da hannu har jikin janareta ta fizge ta. Hoto ya ɗauke. Ban taɓa jin muryarta haka ba, ko da yake ba ta ɗaga ta sosai ba.

"Ƙarya suke yi muku. Ba haka ake barin gida ba. Ni na hau irin wannan jirgin, sai dai nawa mai taya ne. Ba wanda ya yi tafi. Asabe mai daddawa a ƙasa ta kwanta, sai ɗaukarta aka yi. Dawarmu ta fitar da kai muka bar ta. Na je in yi wa kabarin uban 'ya'yana sallama, direba yana ta danna min oda. Ku zauna ana nuna muku mutane suna rawa a kan kabarin iyayensu, kuna washe baki."

A nan ya kamata in gane. Ta ambaci Asabe mai daddawa da bakinta, a gabana. Yaro mai hankalin kaza ma zai gane cewa Ladi ba tatsuniya ba ce. Amma ni abin da ke cina shi ne an kusa sauka a sabuwar duniya, an katse min. Na tashi na ce, "Iya, garinku ya nutse tun ba a haife mu ba. Mu me ya dame mu? Kullum Ilu maƙeri, kullum Malam Barau. Mun gaji."

Umma ta kai min duka, Iya ta tare hannunta. Ta dube ni, ta ce, "Ƙyale shi. Ka ji, Nasiru, ba zan ƙara gajiyar da kai ba." Ta ɗauki kujerarta ta koma wajen kifinta. Kawu ya naɗe wayoyinsa, faifan kuma bai sake kawo shi ba.

Nasiru ta ce. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar, kuma har ta koma ga Allah shekara tara bayan haka ba ta sake ce min Maigida ba. Ba ta yi gaba da ni ba. Tana amsa gaisuwata, tana ajiye min fura. Tana yin tatsuniyar kura da ta aljanu idan ina wurin. Ta Ladi ce dai ta daina. Mu kuwa har murna muka yi, kuma ba babba ɗaya a gidan da ya tambaye ta dalili.

Shekarar da ta wuce, ƙarshen rani, ruwan Tiga ya ja baya fiye da yadda na saba gani. Baba ya kira ni a waya ya ce masunta sun ce bakin rijiyar Tsohon Gari ya fito. Ya ce, "Ka zo ka kai ni kabarin mahaifina. Kai ka fi kowa zama a wajen Iya." Ranar Asabar ce, saboda haka na yi wautar gayyatar abokaina, na ce ga wurin fita ya samu.

Wani masunci ya tsallaka da mu a kwalekwale, muka sauka a kan laka da ta bushe ta tsattsage. Ba gini ko ɗaya, ruwa ya narkar da komai. Sai duwatsun bakin rijiya, da kututturan itatuwa, da duwatsun niƙa a warwatse. Abokaina suka fito da wayoyi. Bashir, wanda ya fi mu baki, ya buɗe hannuwa ya ce wallahi kamar mun sauka a wata duniya, a ɗauke shi a nan. Baba yana tsaye a bakin rijiya, ya tattare rigarsa, takalmansa a hannu. Mutum mai furfura, amma yadda yake dubana kamar yaron da ya ɓata a kasuwa.

"To, Nasiru. Ina muka nufa?"

Na juya gabas na fara. Gidan Ilu maƙeri. Muka yi 'yan taku, sai ga baƙin kashin ƙarfe a dunƙule cikin laka, inda maƙera take. Malam Barau. Asabe mai daddawa. Ina faɗa muna tafiya, Baba na biye da ni. Muka iso ramukan marina, guda shida a jere, cike da laka. Na yi hagu. Gida na bakwai, na takwas, na tara, gidan Audu mai jaki. Daga nan kaina ya ɗauke ɗif. Na koma rijiya na sake farowa, sau uku, ina tsayawa a wuri ɗaya. Saura gida takwas, da kwanar hanya biyu ko uku da ban san ta ina suke ba. A gabanmu laka ce shimfiɗe har inda ruwa ya fara.

Sai na ji Bashir a bayana yana cewa in maimaita, bai ɗauka da kyau ba, wannan zai yi kyau a sa masa kiɗa. Ban san lokacin da na fizge wayar na yi jifa da ita ba. Na zage shi zagin da har yau ban gama ba shi haƙuri ba. Kuma na san ba shi ya yi min laifi ba. Abin da na yi ina shekara goma sha biyu shi ya yi, nasa ma da sauƙi, tunda ba kakarsa ba ce.

Da ma Baba ya yi min faɗa, da ya fi min. Ya ajiye takalmansa a gidan Audu mai jaki, ya ɗaga hannu, ya yi wa mahaifinsa addu'a yana juyawa a hankali daga dama zuwa hagu, don ya tabbata ya haɗa da inda yake.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa wannan haushin. Na ɗora wa waɗanda suka kwashe mutane ba wanda ya zana musu ko taswirar inda suka bar matattunsu. Na ɗora wa Baba da sa'o'insa, da suka bar tsohuwa ɗaya tana dakon gari guda a kanta, suna ce wa abin hirar yara. Har Iya na ɗora wa, don me za ta biye wa yaro, don me ba ta kama kunnena ta murɗe ta ce koma rijiya ba. Fim kam ban ɗora masa ba, ban kuma daina kallo ba. Ba jirgin taurari ne ya sa na faɗi abin da na faɗa ba, bakina ne.

Abin da na gane a makare shi ne, Iya ba darasi take koya mana ba. Ba ta iya rubutu ba, ba ta da takarda, ba ta da hoto. Jikoki kawai take da su, a cikinsu ta zaɓi ta ajiye hanyar kabarin mijinta, ni kuma na ce mata na gaji. Na zaga garinmu, na je Kiru wajen ƙanwar Baba, na tambayi duk wanda ya taɓa zama a bakin wutar nan. Wani ya riƙe gida huɗu, wata ta riƙe shida. Ni da na yi mata rashin kunya, ni ne na fi kowa.

Da damina ta sauka ruwa ya koma wurinsa. Baba ya ce idan ya sake ja baya zai koma, ko zan tuna wani abu kafin nan. Na ce masa to. Ban iya gaya masa cewa babu abin da ya rage a kaina ba.