Tukunyar Maƙwabciyata a Taron Birmingham

Da muka tare a unguwar Old Trafford a Manchester, waɗanda ke saman benenmu 'yan Nepal ne. Ni ban san Nepal ba sai a talabijin, inda Turawa ke biyan kuɗi su je su daskare a kan dutse. Na ɗauka mutanen can duk abu ɗaya ne, masu fara'a, ba ruwansu da rigima. Ita ma matar gidan ta ɗauka Afirka gari guda ce, har ta taɓa tambayata ko na san wata 'yar Ghana da suka yi aiki tare. Kowa ya riƙe jahilcinsa, muka zauna lafiya.

Wata Lahadi da safe na ji waƙa tana saukowa ta silin, irin muryar da muke rerawa a majami'a tun ina yarinya a Wusasa, sai dai kalmomin ba namu ba. Na hau na ƙwanƙwasa. Ashe matar Kirista ce. Daga ranar ta fara kirana didi, wato yaya a bakinsu, ta kuma fara sauko mini da momo, ƙullin fulawa da nama a ciki, ana turara shi kamar alala. Na ci abinci a duniya, amma hannun matar nan daban ne.

Shi ya sa abin ya ɗaure mini kai. Duk Lahadi in sun tashi sujada sukan ci abinci tare, kowace mace da tukunyarta, amma tata sai ta dawo cike, mu ne ke cinyewa. Da na matsa mata da tambaya, ta ce a duwatsunsu danginta maɗinka ne da makaɗa, kuma masu asali ba sa cin girkin irinsu, ko ruwa ba sa karɓa a hannunsu. A cocin nasu akwai jikokin limaman gargajiya, akwai ƙabilun da ke shiga soja, akwai na can kusa da Tibet, kowa ya san teburinsa. Tsakaninsu ma ba shiri suke ba, amma a kan tukunyarta bakinsu ɗaya.

Na ce, "To ba duka aka yi muku baftisma ba?"

Ta ce, "An yi, didi, a ruwa ɗaya ma. Ni dai aka sa ƙarshe."

Raina ya ɓaci sosai. Na sauko ina ta masifa, maigidana yana kallon ƙwallo. Bai ko juyo ba ya ce, "Uwargida, please don't start. A church ɗinmu ba rabuwa biyu aka yi a kan ƙabilar da za ta riƙe committee ba? Ki yi minding business ɗinki." Sai na kashe masa talabijin.

Da rani, in har ana iya cewa Manchester na da rani, aka shirya babban taronsu a Birmingham, Kiristocin Nepal daga ko'ina. Ta sauko ta zauna a kicin ɗina, tana ta murza gefen mayafinta. Ta ce abu ɗaya take so a rayuwarta, ta ga 'yan'uwanta masu bi sun ci abin da ta dafa, ko sau ɗaya. Dabararta ita ce ni in ɗauki tukunyar in shiga da ita, in ce girkina ne.

"Ke baƙuwa ce," in ji ta. "Ba ki da sama ba ki da ƙasa a wajenmu. Za su ci."

Tun da na zo Ingila, ranar ce ta farko da baƙar fatata ta zama takardar shiga wani wuri. Na yarda.

Muka bi motar haya da sauran mutanensu, tukunya a cinyata, ita tana can kujerar baya kamar ba ta san ni ba. A wani zaure a unguwar Ladywood aka yi taron. Fasto ya daɗe yana wa'azi, wata budurwa na fassara mini, wai duk masu bi jiki ɗaya ne. Mutane suna ta amin, wasu har da hawaye. Ana gamawa kowa ya nufi teburin ƙabilarsa.

Na ajiye tukunyar momo da miyarsa, na buɗe, na shara ƙarya a ɗakin Allah. Kafin in gyara ɗankwali an yi layi. Dattijon ikilisiya, mai asali na gaske, sai da ya ƙara har ya tsiyaye miyar da cokali. Na hango maƙwabciyata bakin ƙofa tana jera kujerun da ba su buƙatar jerawa, idonta na kan bakunan mutane. Ban taɓa ganin farin ciki mai ban tausayi irin wannan ba.

Ina rufe tukunyar sai ga matar dattijon, wata tsohuwa mai zinariya a hanci. Ta kama hannuna ta yi godiya da Turancinta mai ɗingishi, sannan ta rage murya.

"Wannan naɗin fulawar, hannu ɗaya ke yin sa a Manchester. Tun da kika ɗaga murfi muka gane. Ƙauyenmu ɗaya da ita. Da ƙamshin girkin uwarta na girma, ban taɓa ɗanɗanawa ba sai yau." Ta share ido. "Ki ce mata baɗi ta yi tukunya biyu. Amma ke za ki kawo."

Na buɗe baki, sai na tuna cewa da wannan bakin na gama ƙarya yanzun nan, na rufe abina.

A hanyar dawowa na bar kujerata na koma baya kusa da maƙwabciyata, kowa na gani. Na dangwara mata tukunyar a cinya, na faɗa mata komai. Na ce in ni ce, ba za su ƙara ganin ko murfin ba. Muka wuce gonaki da yawa tana shafa gefen tukunyar da yatsa.

"Ta ce kamar na uwata?"

Na ce ba haka ta faɗa daidai ba, amma kusan haka.

Ta gyaɗa kai. Can ta juyo ta dube ni.

"Didi, baɗi war haka, za su ba ki hutu a wurin aiki?"