Rediyon Saje Bulus da Miyar Kuɓewa

Cikin duk shekarun da na yi ina gyaran rediyo, ban taɓa mantawa da ranar da muryar Saje Bulus ta ɗauke mana ba. Daminar 1992 ce, muna ofishinmu na nan Minna. Ku yaran yanzu da kowa ke da waya a aljihu sai kun yi haƙuri na yi muku bayani.

Ni soja ne tun asali, a sashen sigina, wato masu kula da sadarwa. Da na ajiye kaki ina Sitaf Saje, sai hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta tarayya ta ɗebi irinmu. Bulus ma tare muka shigo. Mutumin kudancin Kaduna ne, barikinmu ɗaya a soja, kuma tun can muke tsokanar juna. Shi yana fita kame, ni ina ɗakin rediyo da kayan gyarana. Yakan ce wai ni sojan inuwa ne. Ni kuma in ce da shi ƙaton banza mai gudun miyar kuɓewa, don Bulus ko ƙanshinta ya ji sai ya bar wurin.

Ƙa'idar aiki ita ce, duk tawagar da ta fita za ta riƙa kiran ofis ta rediyon mota duk bayan awa guda. In aka tsallake kira biyu, to a lissafinmu an shiga hatsari, sai a tura agaji.

Ran nan bayan asuba Bulus ya ja mutanensa zuwa wani daji gabas da gari, inda aka ce ana noman tabar wiwi a bayan wani ƙauye. Da hantsi ya kira, ya ce sun kusa ƙauyen, hanya duk taɓo. Daga nan shiru. Na kira, na sake kira, ba abin da nake ji sai shuuu. Na duba batir, na hau na duba eriya, na canja rediyo. Laifin ba daga wajena yake ba, kuma wallahi na so a ce daga wajena ne.

Kafin azahar labari ya kai Ketaren Gwari, unguwar su Bulus. Wani direba mai bakin tsiya ne ya kai shi, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Sai ga Ladi, matar Bulus, zani a karkace, ta tsaya a ƙofar ɗakina.

"Oga Garba, ka gaya mini gaskiya. Sun kashe shi?"

Na ce, "Haba Madam, wa zai iya kashe wannan ƙaton? Zauna."

Kwamandanmu mutum ne mai natsuwa, amma ƙa'ida ta cika. Ya nemi taimakon 'yan sanda, aka cika babbar mota da masu bindiga. Kowa ya ɗauka masu gonar sun tare su a ƙauyen. Ni na yi soja, na san abin da ke faruwa in mutane suka shiga gari da bindiga suna zaton an kashe 'yan'uwansu.

Na koma na ɗora abin ji a kunne, na ƙure muryar rediyon, na sake kira. Can sai na ji shuuu ɗin ya yanke, ƙas, ya dawo. Ya sake yankewa. Na ce ko tsawa ce, don akwai hadari. Amma tsawa ba ta jira ka gama magana sannan ta amsa. A soja, in makirufo ya mutu amma maɓallinsa na aiki, da dannawa ake magana: sau ɗaya na nufin i, sau biyu a'a. An koya mana tun muna kurata, kuma rabona da tuna shi an daɗe.

Na ce, "Bulus, in kana jina, danna sau ɗaya."

Ƙas.

Na fita da gudu ba ko takalmi, na tare motar tana shirin tashi. Kwamanda ya zo ya saurara da kunnensa. Sannan ya ce, "Sitaf, na ji. Amma wa ke dannawa? In sun ƙwace motar, ai kowa zai iya danna maɓalli don ya riƙe mu a nan har dare."

Gaskiyarsa ce. Duk tambayar da zan yi ta aiki, baƙo ma zai iya cankar i ko a'a. Na juya na ga Ladi ta kafe ni da ido. Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

"Bulus, ga Madam nan a ofis. Ta ce ta kaɗa maka miyar kuɓewa, mai yauƙi sosai. In ce ta ajiye maka?"

Ƙas-ƙas. Ƙas-ƙas. Ƙas-ƙas. Kamar zai ɓalla maɓallin!

Ladi ta ƙwalla ihu, "Shi ne! Yesu na gode, shi ne!" Ta zube a ƙasa tana kuka tana dariya. Kwamanda ya kalle mu kamar mun zautu, sai da Ladi ta yi masa bayani.

Daga nan shi ya karɓi tambayoyin, ɗaya bayan ɗaya. An kai muku hari? A'a. Akwai wanda ya ji rauni? A'a. Mota ce ta lalace? I. Kun wuce ƙauyen? I. A rafi kuke? I. Ya sallami masu bindiga, ya tura motar ja da igiya da mutum uku.

Gab da magariba suka iso, taɓo har wuya. Ashe motar ce ta zame a mashigin rafi, ruwa ya shiga makirufo. Duk kiran da nake yi Bulus yana ji, yana ta danna maɓalli tun hantsi, ni ban lura ba sai da na ƙure muryar rediyon. Abin da ya fi sanyaya mini jiki shi ne, mutanen ƙauyen nan da aka tashi far musu, su ne suka fito da itatuwa suka tokare motar kada ruwa ya tafi da ita, har da kawo musu dafaffiyar doya. Gonar wiwin ma ta wasu baƙi ce, can nesa da su. Bulus na sauka ya nuna ni da yatsa ya ce, "Kai, sojan inuwa, a gaban Kwamanda za ka tona mini asiri?"

Abin da na koya a ranar shi nake gaya wa duk wanda aka turo ɗakin rediyo. Gyaran na'ura rabin aikin ne. Sauran rabin shi ne ka san mutumin da ke ɗaya gefen, ka san shi har abin da ba ya ci, kuma kada ka yanke hukunci a kan shiru sai ka saurare shi da kyau.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Bulus, baki ya ɗauke. Na je gidansa, na tarar da 'ya'yansa sun yi jugum, suna cewa ba ya gane kowa. Na zauna bakin gado, na kama hannunsa mai lafiyar.

Na ce, "Bulus, in kana jina, sau ɗaya."

Ya matsa hannuna sau ɗaya.

Na ce, "Madam ta kaɗa kuɓewa. A kawo?"

Ya matsa sau biyu, da ƙarfin da sai da yatsuna suka yi ƙara. Na juya na ce wa yaran, "Ku share hawayenku, babanku yana nan."